Gandun Inabi a Italiya: Wa Ke Iya Jira, Wa Ke Sayarwa

A garin Montalcino, can kudancin Tuskani a ƙasar Italiya, manomin da ya tsinke inabinsa a kakar 2020 bai samu ikon sayar da ko kwalba ɗaya da sunan Brunello ba sai ranar 1 ga Janairun 2025. Haka ƙa'idar sunan ta tanada: jar giyar da za a kira Brunello di Montalcino sai ta yi aƙalla shekara 2 a gangar katako, ta ƙara wasu watanni a kwalba, kuma ba ta shiga kasuwa sai shekara ta biyar ta kama. A tsakanin nan mai gona ya biya 'yan ƙwadago na kaka huɗu, ya sayi magani da kwalabe, ya biya haraji, kuɗin waccan kaka kuwa na kwance a ɗakin ƙasa. A Barolo da ke arewa maso yamma, wata 38 ake jira, 18 daga ciki a katako. Kafin ma a zo nan, sabon dashen inabi sai ya shekara uku kafin ya ba da 'ya'yan kirki, masu sana'ar kuma ba sa ganin ya nuna ainihin halinsa sai ya haura shekara goma.

Wannan jira shi ne ƙashin bayan sana'ar, shi ne kuma ya zaunar da ita a hannun iyalai. Banki na son kuɗinsa ƙarshen wata, masu hannun jari na son ribarsu ƙarshen shekara. Dattijon da zai dasa gona yana da shekara 60 a duniya, alhali ya san ba shi zai ci moriyarta ba, sai wanda yake kallon jikansa na wasa a tsakar gida. To amma gida ma yana da nasa rauni, domin ranar da mai gandu ya kwanta dama, magada na iya cewa kowa a ba shi nasa. Duk labarin gidajen inabin Italiya, manya da ƙanana, a tsakanin waɗannan biyun yake kai da komo.

Giya haramun ce a Musulunci, babu wani kwana-kwana, kuma akasarin masu karanta wannan ba su taɓa kai ta baki ba. Likitanci ma bai wanke ta ba. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa ciwon, a Janairun 2023 kuma hukumar ta fito fili ta ce babu wani adadi da za a sha a ce an tsira. Ƙididdigarta ta nuna mutum miliyan 2.6 barasa ta yi ajalinsu a 2019 kaɗai. Zancen da aka daɗe ana yaɗawa cewa kofi ɗaya na jar giya yana gyara zuciya, binciken baya-bayan nan ya raunana shi ƙwarai. Abin da ya dame ni a wannan batu shi ne gonar da ke bayan kwalbar: yadda hekta biyar ko goma a kan tudu mai tsakuwa, inda ko alkama ba ta yin kirki, ke riƙe gida har zuriya biyar, da kuma abin da ke kayar da irin wannan gida idan ya tashi faɗuwa. Wannan tambaya ce ta noma da gado da suna, kuma ta shafi duk wanda ya taɓa ganin an raba gonar kakansa da igiya.

Italiya na da gonakin inabi wajen hekta 700,000, tana kuma fitar da lita biliyan 4 zuwa 5 na giya a yawancin shekaru, ita da Faransa ke karɓa-karɓar matsayi na ɗaya a duniya. A 2023 ruwan sama ya yi yawa a watannin Mayu da Yuni, cutar fumfuna ta cinye ganye da 'ya'ya musamman a tsakiya da kudancin ƙasar, amfanin ya faɗo ƙasa da lita biliyan 4, Faransa ta sha gabanta. A 2024 abin da Italiya ta sayar a ƙetare ya kai Yuro biliyan 8, Amurka ce babbar mai saye. Nau'in inabin da ke rajista ya haura 500, kowane yanki da nasa: Nebbiolo a Piemonte, Sangiovese a Tuskani, Corvina a kewayen Verona, Aglianico a Campania da Basilicata, Primitivo da Negroamaro a Puglia, Nero d'Avola da Nerello Mascalese a tsibirin Sisili. Sai dai kalmar "iyali" da ake bugawa a jikin kwalba tana rufe abubuwa da yawa. Gidan Antinori mai cinikin ɗaruruwan miliyoyin Yuro iyali ne, miji da mata masu hekta huɗu da tsohuwar tarakta su ma iyali ne. Wajen rabin giyar ƙasar ma ƙungiyoyin gama-kai ke yin ta, da inabin ƙananan manoman da ba su taɓa buga sunansu a kwalba ba.

Aikin kansa sai an matso kusa ake gane nauyinsa. A tuddan Langhe, kewayen garin Alba, tsofaffi kan lura da gangaren da ƙanƙara ke fara narkewa bayan hunturu, su keɓe shi domin Nebbiolo, saboda shi ne mai fuskantar rana. Wannan inabi yana riga kowa toho, yana kuma zama na ƙarshen nuna, sai cikin Oktoba lokacin da hazo ya rufe kwari, don haka ya fi kowane daɗewa a bakin haɗari. Cikin tsananin sanyi ake bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya da almakashi, a datse rassa a bar guda ɗaya, a lanƙwasa shi a ɗaure a jikin waya. Da rani ya yi tsaka sai a koma a yanke wasu curin inabin tun suna ɗanyu a zubar a ƙasa, domin waɗanda suka rage su yi ƙarfi. Lokacin da matasa suka fara wannan a shekarun 1980, iyayen da suka san yunwa sun ɗauke shi almubazzaranci tsagwaronsa. Ƙa'idar Barolo da ta Brunello ba su yarda hekta ta ba da fiye da tan 8 ba. Duk wannan wahala, ruwan ƙanƙara na minti goma a watan Agusta ya isa ya shafe ta. Ranar tsinka kuwa da hannu ake yi, a jera a ƙananan akwatuna don kada na ƙasa ya fashe, a sauko da su daga gangaren da mutum ke tsayawa da ƙyar.

Jan launin giyar daga ɓawon inabi yake fitowa, shi ya sa ake barin ruwan ya tsimu tare da ɓawonsa na kwanaki ko makonni. Daga ɓawon da ƙwallon ne kuma ake samun baurin nan da ke sa sai an ajiye ta shekaru kafin ta lafa. A Valpolicella, inda gidaje irin su Allegrini da Quintarelli da iyalan Boscaini masu Masi ke yin Amarone, har ƙarin jira suke ɗora wa kansu: su shanya inabin a kan gadajen kara ko cikin akwatuna a bene mai iska, wata uku ko fiye, har ya rasa sulusin nauyinsa ko fiye da haka kafin a matse.

Duk wanda ya ga motocin alfarma a titunan Barolo yau zai ɗauka haka aka taso. Talauci aka taso a ciki. A Tuskani, har tsakiyar ƙarni na 20, tsarin noma-mu-raba ke aiki: mai ƙasa na zaune a Florence ko Siena, manomi da matarsa da 'ya'yansa na gona, a ƙarshen kaka a raba biyu. Inabi na tsakanin zaitun da alkama, giyar kuma abincin ma'aikaci ce, ana neman yawa ba inganci ba. A Piemonte manoma na da 'yan gonakinsu, amma sai su loda inabi a amalanke su kai dandalin Alba, dillalai su ƙi tayawa har rana ta yi sanyi, sun san kayan ba ya kwana. Marubucin garin, Beppe Fenoglio, a kan wannan ƙunci ya gina littafinsa La malora na 1954. Kafin haka ma ƙwaron filoksera, wanda ya ɓulla a Italiya a 1879, ya cinye saiwoyin gonaki da yawa, sai da aka koma yi wa inabin Turai aure da saiwar na Amurka, kuma har yau kusan duk gonakin ƙasar masu aure ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari suka kwashe zuwa masana'antu, musamman Fiat a Turin. A 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noma-mu-raba, gidajen gona a yankin Chianti na Tuskani suka zama kufai, ana sayar da su arha. Wani abu da ya ceci Langhe shi ne kamfanin cakulan na Ferrero da ke Alba, wanda ya riƙa tura motocin safa ƙauyuka su ɗauko ma'aikata su maido su. Mutum na da albashi, kuma bai bar gonarsa ba. Gonaki da yawa da ake ji da su yau, albashin wani kaka ko wata kaka ne ya hana a sayar da su a wancan lokaci.

Abin da ya mai da tudun tsakuwa dukiya shi ne suna, da dokar da ta tsare sunan. Tun 1716 mai mulkin Tuskani, Cosimo na Uku na gidan Medici, ya shata iyakar yankuna huɗu, har da Chianti, ya ce giyar da ba daga cikinsu ta fito ba kada a kira ta da sunansu. A 1924 manoman tsakiyar Chianti suka kafa ƙungiya mai tambarin baƙin zakara. Dokar ƙasa ta zo a 1963 da tsarin DOC, wanda ke fayyace iyakar yanki, nau'in inabi, yawan amfanin hekta da tsawon ajiya. A 1980 aka soma aiki da mataki na sama, DOCG, aka fara da Barolo da Barbaresco da Brunello da Vino Nobile di Montepulciano. Kwalbar da ke wannan mataki sai masu ɗanɗano na hukuma sun amince, sannan a manna mata takardar gwamnati mai lamba a wuya. Hikimar a bayyane take: ƙaramin manomi ba shi da kuɗin talla a New York, amma idan sunan garinsa ya zama abin da ba kowa ke iya ara ba, ya samu jarin da babu mai ƙwace masa. Montalcino ta kafa ƙungiyarta a 1967 da mutum 25, yau masu yin Brunello sun haura 200, a kan hekta kusan 2,100 da aka rufe ƙofar ƙarawa.

Doka dai mutane ke rubuta ta, wani lokaci kuma su rubuta son zuciya. Ƙa'idar Chianti ta 1967 ta tilasta a zuba farin inabi kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari a jar giya, saboda manoma na da shi da yawa suna neman inda za su kai. Sunan ya zube, ya zama na kwalba mai rigar ciyawa da ake sayarwa araha. Sai wasu gidaje suka yi tawaye. Mario Incisa della Rocchetta ya dasa Cabernet na Faransa a Bolgheri, giyarsa Sassicaia ta kakar 1968 ta shiga kasuwa. Piero Antinori, tare da gwanin haɗi Giacomo Tachis, ya fito da Tignanello a shekarun 1970, ya daina zuba farin inabi. Tunda sun saɓa ƙa'ida, sai aka jefa su a mataki mafi ƙasƙanci, na giyar tebur, amma suna tsada fiye da masu lambar gwamnati. Ala tilas doka ta biyo bayansu: a 1992 aka buɗe matakin IGT mai sassauci, daga 2006 kuma aka hana farin inabi a Chianti Classico baki ɗaya.

Darasi mafi ɗaci ya zo a watan Maris na 1986. Wasu 'yan kasuwa a garin Narzole na Piemonte suka riƙa ƙara wa giya mai arha sinadarin metanol domin ta yi ƙarfi. Aƙalla mutum 19 suka mutu, 15 suka makance, ƙasashe suka tsare kayan Italiya a kan iyaka. Masu gaskiya da marasa ita duk guguwar ta kwashe su. Daga nan ne ƙasar ta juya daga neman yawa zuwa neman inganci, mai saye kuma ya fara tambayar gidan wa, gonar wa. A 2008 masu gabatar da ƙara na Siena suka binciki wasu kamfanonin Montalcino bisa zargin gauraya Brunello da wani inabi. Aka kawo shawarar a sassauta ƙa'idar kawai, amma da aka kaɗa ƙuri'a a watan Oktoba, kusan dukkan mambobi suka ce Sangiovese zalla za a ci gaba da yi. A ganina sun yi daidai, domin ƙaramin mai gona ne zai fi kowa asara ranar da sunan ya zama na kowa.

A wannan gaɓa batun ya taɓo mu kai tsaye. Ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke rajistar irin waɗannan sunaye ga ƙasashen Afirka 17, ta fara da masoron Penja da zumar Oku na Kamaru a 2013, daga baya kuma ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista. Takardar mataki ne mai kyau. Abin da Italiya ta nuna shi ne cewa aikin yana bayan takardar: ƙungiyar manoma mai ikon shiga gona ta auna, ta ƙi amincewa da buhun ɗan'uwanta idan bai cika ƙa'ida ba, ta kuma kai mai satar suna kotu.

Rikicin cikin gida kuwa, babu labarin da ya fi na Elio Altare na ƙauyen La Morra fito da shi. A 1976 ya je Burgundy a Faransa, ya ga manoma irinsa masu ƙananan gonaki suna rayuwa cikin wadata, alhali a garinsu Barolo na zaune ba mai saye. Ya dawo yana son a rage amfanin gona, a gajarta tsimi, a koma ƙaramar gangar Faransa mai lita 225. Uban ya ƙi. A 1983 Elio ya sauka ɗakin ƙasa da zarto mai inji ya yayyanka manyan gangunan gidan. Uban bai yafe ba, ya rubuta wa sauran 'ya'yansa gonar, bayan rasuwarsa a 1985 sai da Elio ya riƙa sayen ta a hannun 'yan'uwansa. Shi da abokansa suka buɗe wa Barolo kasuwar Amurka. A ɗaya ɓangaren Bartolo Mascarello ya tsaya kan tsohuwar hanya har ya rasu a 2005, 'yarsa Maria Teresa ta ɗora a kai, kuma yau ana rububin kwalabensu. Shekara kusan ashirin ƙauyukan na rabe biyu. Yanzu ƙura ta lafa, 'ya'yan masu sabon salo da yawa sun dawo da babbar ganga, masu tsohon salo sun karɓi tsabtar ɗakin aiki da rage amfanin gona. Gonar Altare ma 'yarsa Silvia ke riƙe da ita. Wannan wani babban sauyi ne da ba a cika faɗa ba: gidajen da a da ake cewa sun mutu don babu ɗa namiji, mata ne ke jan ragamarsu yau.

Manyan gidaje ma ba su tsira daga wannan ba, kuma tsufan suna bai taɓa zama kariya ba. Iyalan Ricasoli na riƙe da ganuwar Brolio tun 1141, kakansu Bettino ya yi firaministan Italiya, shi ne kuma ya rubuta haɗin Chianti a 1872. Duk da haka kamfanin ya faɗa hannun Seagram na Kanada a shekarun 1970, daga baya ya koma na wani kamfanin Ostireliya, sai a 1993 Francesco Ricasoli, wanda sana'arsa ɗaukar hoto ce, ya fanso shi. Antinori na ƙirga tarihinsu daga 1385, zuriya 26, amma a shekarun 1980 sun sayar wa kamfanin Whitbread na Ingila babban kaso, Piero ya sha wahala kafin ya dawo da shi a farkon shekarun 1990. Da ya ga abin da ya faru, a 2012 ya sa kamfanin cikin amana ta shekara 90, yadda magada za su ci riba amma ba su iya sayarwa, 'yarsa Albiera kuma ta zama shugaba. A Campania, gidan Mastroberardino da ya riƙe inabin Aglianico lokacin da kowa ke tuge shi, ya rabe biyu a 1994: wani reshe ya tafi da suna, wani ya tafi da gonaki masu yawa ya kafa Terredora. Biondi-Santi, gidan da Brunello ta samo asali a hannun Ferruccio a ƙarshen ƙarni na 19, bai daɗe ba bayan rasuwar Franco a 2013 ya koma hannun kamfanin EPI na Faransa. Gidan Vietti na Barolo ya koma na iyalan Krause na Amurka a 2016, tsoffin masu gidan kuma suka bar aikin a 2023.

Dokar gadon Italiya ta keɓe wa kowane ɗa kason da ba a hana shi, don haka matsalarsu irin tamu ce. Mun san yadda gandu yake: uba da 'ya'ya a gona ɗaya, rumbu ɗaya, da ya rasu sai a kawo igiya, kafin zuriya ta uku kowa na noma abin da ba ya ciyar da shi wata huɗu. Gidajen Italiya da suka ɗore sun raba mallaka ba tare da sun yanka ƙasa ba. Gona ta zama kamfani, kowane magaji ya riƙe kasonsa a rubuce, ɗaya ko biyu su yi aikin a kan albashi, sauran su karɓi riba. Tun 2006 doka ta yarda uba ya miƙa wa ɗa ɗaya sana'ar tun yana da rai, muddin an biya sauran haƙƙinsu kuma sun sa hannu. A Kudancin Tirol da ke arewacin ƙasar ma akwai tsohuwar dokar da ta hana raba gonar gida kwata-kwata. Rabon gado a wurinmu Allah ne ya yanka shi, babu mai taɓawa. Amma sanin kason kowa daban, datsa gona gida takwas daban, kuma magada na da ikon su yarda su bar ta a dunƙule su riƙa raba abin da ta haifa. Abin da ke hana mu yawanci rashin amana ne da rashin rubutu.

Ga wanda gonarsa ta yi ƙanƙanta, mafita ɗaya da ta yi aiki ita ce haɗa kai. A 1958 limamin cocin Barbaresco, Don Fiorino Marengo, ya tara manoma 19 suka kafa Produttori del Barbaresco domin su daina zubar da inabinsu a dandalin Alba. Yau gidaje kusan 50 ne, ana biyan kowa gwargwadon ingancin abin da ya kawo, kuma masana na jera giyarsu da ta manyan gidaje.

Nasara ta zo da nata ciwo. UNESCO ta sa tuddan Langhe cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, hekta ɗaya a yankin Barolo kuma yanzu takan kai Yuro miliyan 2, fitattun gangare sun wuce haka nesa. Babu inabin da zai biya wannan kuɗi a rayuwar mutum ɗaya. Saurayin da ke son faɗaɗa gonar ubansa ba zai iya ba, wanda kuma ke son biyan 'yan'uwansa uku kasonsu domin ya riƙe gidan, bashin da zai ci ya fi ƙarfinsa. Sai attajiri daga waje ya zo da tayin da babu mai iya ƙi. Ba na ganin laifin wanda ya sayar, amma ƙauyen da masu gonakinsa ke zaune a wata nahiya ya rasa wani abu ko da kwalbar ba ta canja ba.

Akwai kuma hannun da ba a nunawa a hoton talla. 'Ya'yan gida sun yi karatu, sun koma ofis da kasuwanni, aikin gangare kuma ya koma na baƙi. Da farko mutanen Masedoniya da Albaniya da Romaniya ne, yanzu da yawa 'yan Afirka ta Yamma ne, ciki har da waɗanda suka bi ta Agadas da Libiya suka tsallaka teku. Yawanci ba mai gona ke ɗaukar su kai tsaye ba, ɗan kwangila ne ke kawo su da mota da asuba, ya karɓi kuɗi ya yanke nasa. A 2024 hukumomi sun kama wasu irin waɗannan 'yan kwangila a kewayen Alba, aka ji labarin masu karɓar Yuro 3 zuwa 5 a awa, da masu kwana a bakin kogin Tanaro, a yankin da ake sayar da kwalba ɗaya Yuro 100. A Yulin 2015 wata 'yar Italiya, Paola Clemente, ta faɗi ta mutu tana aiki a gonar inabi a Andria, mutuwarta na cikin abin da ya sa aka yi dokar 2016 mai hukunta ɗan kwangila da mai gona duka, da ɗaurin shekara 1 zuwa 6. Gidaje da yawa na biyan haƙƙi yadda ya kamata, wasu na ba da masauki. Amma gidan da ke alfahari da kakansa da ya sha wuya a hannun dillalan Alba, ba shi da hujjar cewa bai san nawa ake biyan yaron da ke tsinkar masa inabi ba.

Kasuwar ma tana janyewa. A shekarun 1960 ɗan Italiya na shan fiye da lita 100 a shekara, yau abin bai kai rabin haka ba, matasa a Turai da Amurka kuma na ƙara nesa da barasa, jar giya ce ta fi jin jiki. Ta fuskar lafiyar jama'a wannan alheri ne, kuma haka nake kallonsa. Ta fuskar mai gona kuwa, ɗakunan ajiya sun cika, zafi na sa ana tsinka makonni kafin lokacin da iyaye suka saba, a Agustan 2025 kuma Amurka ta ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari. Masu babban suna za su jure. Waɗanda ke tsaka-tsaki, masu giyar inabin Barbera ko Montepulciano ko Primitivo ta Yuro takwas, su ne ke neman abin yi: wasu sun buɗe masaukin baƙi da ɗakin cin abinci a gona, wasu sun ƙara zaitun, wasu na haurawa saman tudu neman sanyi. A Disambar 2024 gwamnati ta ba da izinin yin giyar da aka cire wa barasa a cikin ƙasar, abin da ta daɗe tana ƙi, amma ta ce kada a yi da masu sunan yanki. Injin wannan aiki na da tsada, manyan kamfanoni da ƙungiyoyin gama-kai ne za su iya sayen sa, mai hekta biyar kuwa sai dai ya kai musu inabinsa su yanka masa farashi.